Sharhi Kan Sashen Ƙwaƙwalwa Na Yara Da Maganin Sertraline, Bayan Wata 14

Wata 14 ke nan da muka fara kai 'yata sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa na wani asibitin gwamnati a nan Kano, kuma ina ganin yanzu zan iya faɗin abin da na gani ba tare da ɗoki ko fushi ba. Tana da shekara 11 sa'ad da muka fara zuwa. Kafin nan mun shafe watanni muna maganin cutar da babu ita, domin duk safiyar ranar makaranta sai ta tashi da ciwon ciki da tashin zuciya, yau a ce taifot ne, gobe a ce olsa ce, amma da an yi hutu sai ciwon ya bi iska. Abin ya tsananta bayan ta ji labarin sace ɗaliban Kuriga a Jihar Kaduna cikin watan Maris na 2024. Daga nan ta daina barci sai ta tambaye ni sau biyar ko shida, "Abba, ka tabbata ka sa sakata?" Idan mahaifiyarta ta je unguwa ta yi jinkiri, sai a tarar da ita a zaure tana kuka, ta riga ta yanke cewa mota ta kaɗe ta.

Shawo kan dangi ya fi zuwa asibitin wuya. Mahaifiyata ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yanzu da hankalinka za ka kai 'ya mace wurin likitan mahaukata? Gobe wa zai aure ta?" Na ce, "Hajiya, addu'a da tofi ba za mu daina ba, amma a bar mu mu haɗa da asibiti." Tsoronta na biyu shi ne ƙwaya, kuma ban ga laifinta ba, tunda a garin nan kalmar ta riga ta haɗu da shaye-shaye, da tiramadol, da maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana a 2018 bayan ya lalata yara masu yawa.

Ranar farko mun yanki kati da sassafe, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Amma da muka shiga, babbar likitar ta ba mu kusan awa guda, ta saurare mu, sannan ta fitar da mu ta gana da yarinyar ita kaɗai, ta kuma sa a yi gwajin jini domin a tabbata ba wata cutar jiki ce ke sa gabanta faɗuwa ba. Ta ce abin da ke damunta cutar fargaba ce, kuma ba ta rubuta magani a ranar ba, abin da ya ƙara mata daraja a idona. Ta tura mu wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam domin zaman tattaunawa da suke kira CBT, inda ake koya wa yaro ya gane tunanin da ke razana shi, ya kuma tunkari abin tsoron kaɗan-kaɗan. Sai da aka yi mako shida yarinyar ba ta iya ko tsallake ƙofar aji ba, sannan aka yanke a haɗa da sertraline, maganin rage fargaba da damuwa, miligiram 25 a rana.

A nan ne sashen ya fara ba ni kunya. Ranar da aka rubuta maganin wani ƙaramin likita muka samu, mutane sun cika layi, ya gama bayaninsa cikin minti biyu. Da daddare na warware takardar da ke cikin kwalin, mai ƙananan rubutu kamar ƙafar tururuwa, sai na ci karo da gargaɗin cewa maganin yana iya ƙara wa yara da matasa tunanin kashe kansu. Ranar ban runtsa ba. Na ɓoye kwalin a saman durowa kwana uku, sannan na koma na nemi babbar likitar.

Bayanin da ta yi mini shi ne ya kamata a yi wa kowane uba tun kafin ya je kemis. Gargaɗin ya samo asali daga hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, a 2004, bayan ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje 24 da suka ƙunshi yara da matasa fiye da 4,400. Kusan 4 cikin 100 na waɗanda suka sha irin wannan magani sun nuna tunani ko yunƙurin cutar da kai, yayin da aka samu 2 cikin 100 a waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma babu yaron da ya kashe kansa a gwaje-gwajen. Haɗarin ya fi yawa a makonnin farko da kuma duk lokacin da aka canza adadin maganin. Ta kuma kawo mini babban binciken da aka buga a Amurka a 2008 kan yara 488 masu fargaba, 'yan shekara 7 zuwa 17, inda kusan 81 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu sertraline da zaman tattaunawa suka samu sauƙi sosai, tattaunawa kaɗai ta taimaki kusan 60, magani kaɗai kusan 55, ƙwayar banza kuwa kusan 24. Game da tsoron Hajiya, ta ce maganin ba ya bugarwa kuma ba ya sa sha'awar ƙari irin ta tiramadol, sai dai jiki yana sabawa da shi, don haka ba a yanke shi lokaci guda. Alƙaluman ba su cire mini tsoro ba, amma sun nuna mini iyakarsa, kuma washegari muka fara.

Kwana goman farko sun yi mana nauyi. Yarinyar ta yi fama da tashin zuciya da ciwon kai da ɗan gudawa, ta bar tuwon dare wanda a da ba ta wasa da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rashin natsuwa: tana zaune a tabarma ƙafarta na karkaɗawa, ta miƙe, ta zauna, ƙarfe biyun dare kuma a ji motsinta a tsakar gida. Da aka mayar da shan maganin bayan karin kumallo, barcin ya ɗan daidaita. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta cinta da barcinta da yanayinta kullum, mahaifiyarta kuma, bisa shawarar likita, tana tambayarta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta yana zo mata. Tambaya ce mai nauyi a bakin uwa, amma likitar ta tabbatar mana cewa tambayar ba ta dasa tunanin. Amsar yarinyar kullum a'a ce, alhamdulillahi.

Da aka ƙara maganin zuwa miligiram 50 sai rashin natsuwar ta dawo na kusan mako guda, har da saurin fushi, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli babba ba ta mayar wa kakarta magana. A wannan makon ne na ga babban giɓin sashen. An ce mu sa ido sosai a daidai wannan lokaci, amma ba a ba mu lambar da za mu kira ba, kuma ranar komawarmu sai bayan mako huɗu. Uban da ya ga canji a ɗansa ranar Juma'a da yamma ba shi da wanda zai tambaya sai mai kemis na unguwa. A ganina wannan ya fi dogon layi da zafin ɗakin jira muni, kuma gyaransa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Sauƙi ya fara bayyana wajen mako na shida, kuma ba na jin ƙwayar ce kaɗai ta kawo shi. Abin da ta yi shi ne ta rage ƙarfin tsoron har yarinyar ta iya yin aikin da aka ba ta. Masaniyar ta zana mata tsani a takarda, matakin ƙasa tsayawa a ƙofar makaranta na minti goma, na sama wuni guda a aji. Mu ma an ba mu namu aikin, wanda ya fi nata ciwo: in amsa tambayar sakata sau ɗaya tak, in ta sake in ce, "Na riga na faɗa miki, Mamana." Daren farko ta yi kuka har na kusa karya alkawari. Bayan wata uku ta koma makaranta cikakkiya, kuma ita da kanta ta soke tsanin da fensir.

Wajen samun maganin akwai wahala. Sau da yawa babu shi a kantin maganin asibitin, a waje kuma kamfani yana canzawa daga wata zuwa wata, farashi ma haka, don haka na saba duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sau ɗaya ya ƙare mana a hutun Sallah, laifina ne, kuma a kwana na uku ta fara jiri da kuka ba dalili, wanda ya wuce da ta koma sha. A watan azumi likita ta amince ta riƙa sha da sahur. Illolin da suka rage har yau su ne yawan gumi da mafarkai masu tsawo, kuma ana auna tsayinta da nauyinta a kowace ziyara.

Zan iya tura ɗan'uwana wannan sashe saboda ƙwarewar manyan ma'aikatansa, da sharaɗin kada ya fita da takardar magani sai ya ji bayanin illolinsa daga bakin babban likita, ya kuma nemi inda zai je idan abu ya taso kafin ranar komawa. A watan jiya aka fara rage wa 'yata maganin a hankali, an zaɓi lokacin da babu jarrabawa, ni kuma na ɗauko littafina daga durowa na buɗe sabon shafi.