Hattara da ɗan kwangilar da zai ce muku ba sai an karɓi famit, wato takardar izinin gini, ba

Salam jama'a. Duk mai gida a nan Amurka da yake shirin fitar da ɗakin kwana a besmen, wato hawan nan na ƙarƙashin ƙasa, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya ba wani ko sisi, mu dai mun riga mun ji a jikinmu.

Yara ne suka girma muka ce bari mu ƙara ɗaki ɗaya a ƙasa. Mutum uku suka ba mu kiyasi, biyu kuɗinsu ya yi kusa da juna, na ukun da na samo a Facebook ya zo da kusan rabin nasu. Maigidana ya ce anya kuwa? ni ce na nace, na ce ai kasafin da muka yi shi kaɗai ya shiga ciki. Mutumin ga bakin zuma, ga hotunan aiki a waya, ya ce famit ɓata kuɗi ne kawai kuma zai jawo a ƙara mana harajin gida, tagar da ke besmen ɗin ma ta isa, mu dai mu ba shi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, tsaba, ya sayo kaya.

Ashe arhar nan ba ta komai ba ce illa ya cire abin da ya fi cin kuɗi a aikin. Dokar gini da yawancin jihohi suke bi, IRC, ta ce duk ɗakin kwana a besmen dole ya samu mafitar gaggawa, tagar da babban mutum zai iya fita ta ciki idan gobara ta tare matakala. Buɗinta kar ya gaza murabba'in ƙafa 5.7, tsayi aƙalla inci 24, faɗi inci 20, kuma daga daɓe zuwa bakin tagar kar ya wuce inci 44. Kun ga kenan sai an yanka kankaren fandesho, a haƙa rami ta waje a yi masa magudanar ruwa, in ramin ya wuce inci 44 a zurfi a sa masa tsani. Wannan aikin ne sauran biyun suka saka a lissafinsu shi kuma gogan ya yi shiru da bakinsa. Tagarmu kuwa ko kyanwa sai ta matse. Banda haka akwai tsayin silin ƙafa 7, da ƙararrawar hayaƙi, kuma ko tambaya bai yi ba ko mun taɓa gwada iskar radon mai illa ga lafiya da ke tasowa daga ƙasa, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ta ce in ta kai 4 a ma'auninsu a ɗau mataki.

Kwana huɗu ya zo aiki. Ya kafa katako ya rufe da allon bango a kan gini mai danshi, ya ja wayar wuta da kansa, sai ya ce wai ya ci karo da matsala a wayarin sai an ƙara kuɗi, muka ƙara. Daga ranar shi kenan, yau mota ta lalace gobe uwarsa ba lafiya, ƙarshe layin ma ya daina shiga. Da na duba lambar lasisin da ke jikin takardarsa a shafin hukumar jiha, ta wani kamfani ce daban da bai ma san da zamansa ba. Minti biyar wannan dubawar ta ɗauke ni, wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ba a nan ta tsaya ba. Wasiƙa ta zo daga inda ya ɗauki kaya bashi, wai in ba a biya ba za su ɗora bashin a kan takardun gidanmu, kuma doka ta ba su wannan damar ko da kai ka riga ka biya ɗan kwangilar. Shi yasa ake karɓar takardar shaidar cewa an sallami masu kaya duk lokacin da za ka saki kuɗi.

To in za ku yi, a rubuta komai dalla-dalla, taga nawa, famit nawa, wuta nawa, maganin danshi nawa, sannan ku ware wani abu gefe saboda besmen ba ya rasa abin da ya ɓoye. Ɗan kwangilar ne zai karɓo famit da sunansa, in ya ce ku karɓo da naku to alhakin ya dawo kanku. Ku ga takardar inshorarsa. Kafin alƙalami kuma kaɗan, a Kalifoniya ma doka ta hana ya wuce kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, sauran a biya mataki-mataki da cek ko kati bayan jami'in duba gini ya zo ya gani.

Mun kai ƙorafi ofishin kare masu sayayya na jiha, muna jira. Allon bangon kuwa an ɓalle shi duka makon jiya domin a duba wayarin, bayansa har ya fara funfuna, yaran suna nan sama a ɗaki ɗaya yadda suke.