Kwana huɗu a karaban kusa da Bakewell

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana daga Kano a watan Yuli, sai muka ce bari mu fitar da ita daga Sheffield ta ga karkarar Ingila. Mu shida ne har da yara, otal ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka kama karaban a wata gona da ke bayan garin Bakewell, cikin Peak District, gandun shaƙatawa na farko da Birtaniya ta ware a 1951. Tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba a mota.

Karaban gida ne mai taya, dogo siriri, an girke shi wuri guda an ja masa ruwa da wuta. Muna isa Hajiya ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce, "Yanzu kuɗi kuka biya don ku kwana a kwantena?" Maigida ya ce, "Hajiya, ki dai shiga tukuna."

Ciki tsaf yake, babu abin kushewa wajen tsafta. Ɗaki biyu ne, sai falo mai kujerar da ake buɗewa ta zama gado, da ɗan kicin mai murhun gas da firji da tukwane. Banɗakin ne abin dariya. In ka sunkuya wanke ƙafa a alwala sai gwiwar hannunka ta daki bango. Allah ya sa na tuna na jefa buta a jaka.

Abu biyu suka ɓata min rai. Zannuwan gado da tawul ashe kuɗinsu daban, kuma sai da muka zo karɓar makulli aka faɗa mana. Na biyun ya fi ciwo. Daren karkara a nan sanyi gare shi ko a Yuli, bangon karaban kuwa bai fi kaurin kwali ba, ga shi a dare na biyu tukunyar gas ta ƙare, hita ta mutu, ruwan zafi ya ɗauke. Wayoyinmu ba sabis. Maigida ya hau tudun bayan gona cikin duhu kafin kira ya shiga, ba wanda ya ɗaga. Duk rigunan sanyinmu muka tara wa Hajiya. Sai da hantsi mai gonar ya zo da sabuwar tukunya yana ta ba da haƙuri, amma ko fam ɗaya bai rage mana ba.

Ranar Litinin ce ta wanke laifin. Ita ce ranar kasuwar Bakewell, rumfunan tanti cike da kayan lambu, cuku, tufafi da furanni. A ƙetaren kogin Wye kuma akwai kara. Nan Hajiya ta kafe, ta ce ba ta tafiya. Ana koro shanu cikin wani zagayen ƙarfe, mai gwanjo yana zuba lissafi kamar an kunna rediyo, manoma sun jingina da ƙarfe fuska ba yabo ba fallasa, wannan ya ɗaga yatsa, wancan ya gyaɗa kai, shi ke nan an sayar. Hajiya ta ce, "Ina dillalin? Ba tayi, ba albarka, ba la'ada?" Ta kusa awa guda tana kallo tana yaba ƙibar shanun, tana kuma yi musu tsiyar rashin tozo.

Daga nan muka bi ta tsohuwar gadar dutse mai baka biyar, yara suna leƙen agwagi da manyan kifaye a ruwa garau. Mun ɗanɗana Bakewell pudding da garin ya yi suna da shi, wani gashin ƙwai da almon da jam a cikin ɓawon fulawa. Zaƙinsa ya yi min yawa, yara kuwa suka cinye har da nawa. Naman halal ban gani ba a garin, kajin da na soyo daga gida ne suka rufa mana asiri.

Washegari muka taka a Monsal Trail, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu ƙafa da keke. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, har Hajiya ta yi nisa ba ta koka da gwiwa ba.

Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, don haka muna fito da darduma kan ciyawa mu zauna jiran magariba, ba abin da ake ji sai kukan tumaki. A daren ƙarshe aka sako ruwa, rufin ya ɗauki ƙara sak ta kwano. Hajiya ta ce tun da ta sauka a ƙasar nan ba ta yi barci irin na wannan daren ba.

Muna maganar komawa baɗi. Zan tafi da bargunanmu, kuma sai na jijjiga tukunyar gas da hannuna kafin in karɓi makulli.