Lemun aure mai gajeren gindi a fadamar Rima: abin da na gani

Masu tambayata ko lemun nan da ake dasawa kusa da kusa ya karɓi ƙasar Sakkwato, amsata ita ce ya karɓa, amma sai ga wanda ruwansa ba ya yankewa, kuma ya san irin gindin da aka aura masa, wato itacen ƙasa mai saiwa da aka haɗa reshen lemun a kansa.

Wurin wani mai rainon itatuwa na sayi dashen, shi ne kuma ya zo da kansa ya ja igiya ya fitar da layuka. Lemun tsami ne marar ƙwallo, wanda ake kira Tahiti, an aura shi a kan Flying Dragon, wani dangin lemu mai karkatacciyar ƙaya da aka samo daga Japan. Aikin wannan gindi shi ne danne itacen kada ya zarce sama. A tsohon tsari na mita 7 da 7, hekta ɗaya tana ɗaukar itace 204. Mu mun yi mita 5 tsakanin layi, 2.5 tsakanin itace, wato 800 ke nan.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sauƙin aiki. A tsaye ake tsinka, ba tsani ba gora, lemun bai faɗo ƙasa ya ƙuje ba balle dillali ya karya farashi. Ƙaramar tarakta ta hannu tana ratsa layi da tankin feshi a bayanta, kuma maganin na isa har ƙoli. Aski ma da inji mai fetur muke yi, a bi gefe da sama a daidaita kamar shinge. Wannan askin ba a wasa da shi, domin in rassa suka haɗe, rana ta daina shiga, sai ka ga 'ya'ya a waje kawai, ciki ƙirare.

Wahalar tana wajen ruwa. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, sannan a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Saiwar wannan gindi ba ta nutsawa can ƙasa, don haka ran da injin ban-ruwa ya tsaya, kafin la'asar ganye ya naɗe, ƙananan 'ya'ya su fara kakkaɓewa. Tiyon ɗigo muka shimfiɗa, muka lulluɓe gindin da bambaron shinkafa. Sai dai a bar tazara kamar tafin hannu tsakanin bambaro da itace, in ba haka ba gara ta samu gida.

Inda ban gamsu da mai dashen ba, bai ce a auna ƙasa ba kafin a dasa. Flying Dragon ba ya shiri da gishiri ko ƙasa mai kanwa-kanwa. A kusurwar garkar da ƙasa ke yin fari bayan ban-ruwa, sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kore, alamar itacen ya kasa zuƙar sinadarin ƙarfe. Da na nuna masa sai ya ce, "Alhaji, a ƙara taki." Ba taki ne matsalar ba. Irin wannan wuri gindin Cleopatra ko na Rangpur, wasu dangin lemu, suka fi dacewa da shi, tunda sun fi jure gishiri, sai dai su kan yi girma, dole a buɗa tazara.

Kuɗin farko ma ba kaɗan ba ne: dashe kusan ninki huɗu, ga tiyo, ga mai. Kuma gindin na da nawar girma a shekarun farko, mai gaggawa zai ƙosa.

Shawarata ga manoman Kwalkwalawa, Wurno da Goronyo, a fara da 'yan layuka, a kai ƙasa da ruwa a auna. Kafin a biya, a tambayi sunan gindin, a duƙa a duba gaɓar auren, a tabbata za ta zauna sama da ƙasa bayan dasawa. Mai son ƙarin bayani ya nemi jami'an NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, suna da reshe a Bagauda ta jihar Kano.