Crusader Kings III: ranar da sarki ya mutu ake gane wasan

Duk wanda ya ce maka yaƙi ne abu mafi wuya a Crusader Kings III, bai kai ranar rabon gado ba. Kamfanin Paradox ne ya fitar da wannan wasan kwamfuta na sarautun zamanin da a 2020, kuma zuri'a kake riƙewa: in sarkinka ya rasu, sai ka ci gaba da magajinsa, har shekarar 1453 ta cikin wasan in gidan bai ƙare ba.

Abin da ya ja ni shi ne taswirar ta sauko har ƙasar Hausa. In ka fara daga shekarar 867, kana iya ɗaukar Daurama ta Daura, da Bayajidda a gefenta, addininta bori. Mu da ke ƙauyukan Kazaure, Daura maƙwabta ce, don haka ganin sunanta a allon kwamfuta kaɗai ya biya ni kuɗin data.

Sai ka sha wahalar cin garuruwa, ka haɗa Kano da maƙwabtanta, tsufa ya zo, mai mulki ya cika. Nan take ƙasar ta tsage. Dokar da ake farawa da ita raba ƙasa take tsakanin 'ya'ya, yadda gandu ke watsewa bayan rasuwar maigida. Babban magaji ya ɗauki babbar sarauta da fadar, sauran kowa ya ja nasa. Mafi ciwo, in ƙasar ta isa masarauta biyu, wasan da kansa zai ƙirƙiro ta biyun ya miƙa wa ƙane, ya zama sarki mai cin gashin kansa. Jiya kana da dakaru, yau ga ka da rabinsu, ga ƙanne masu haƙƙin neman kujerarka, ga hakimai na haɗa kai don sun ga sabon sarki bai kafu ba.

Akwai dabaru, amma kowacce da kuɗinta. Cire ɗa daga gado yana cin martabar gidan. Sa a kashe shi, in asiri ya tonu, tambarin mai kisan dangi ya bi ka. Dokar da ke bai wa ɗan fari komai kuwa sai bayan 1200. Wadda ta fi yi min aiki: riƙe babbar sarauta guda tak, sannan ka ci wa ƙananan 'ya'ya ƙasa a gefe tun kana raye, don su zauna ƙarƙashin yayansu.

Inda nake da ja shi ne, a wurinmu dukiya ake rabawa, ba a raba sarauta. A Kano, Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta ne masu zaɓen sarki, mutum ɗaya ake naɗawa. Rigimarmu ta wa zai hau ce, kamar basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893. Da an ba Hausawan wasan irin wannan tsari, da ya fi kama da gida.

Duk da haka ban ga laifin sayensa ba, don tsoron ranar mutuwa ne ke sa ka lissafa kowane aure da kowace haihuwa. Sai dai babu harshen Hausa a cikinsa, rubutun Turanci ya yi yawa, kuma yana shan batir. In da sola kake caji, yi wasanka da rana. Tsohuwar kwamfuta kuma takan fara ja da zarar zuri'o'i sun yawaita.