Lauyar da ta hana ni ɓoye filin Kano

Aiki na samu da wani kamfani da ke yi wa ma'aikatar tsaron Amurka kwangila a nan Birjiniya, aka ce sai gwamnati ta tantance ni kafin in taɓa takardun sirri. Suka turo fom ɗin tantancewar da ake kira SF-86, wallahi ina buɗewa kaina ya sara, duk inda ka zauna cikin shekara 10, mutanen waje da kake hulɗa da su cikin shekara 7, bashi, kadara, komai sai ka zazzage. To ni haifaffen Kano ne, Hajiya tana can, duk wata ina tura kuɗin cefane, ga filin gado ga asusun banki da ban rufe ba. Wani abokina ya ce kar in sa filin, wai wa zai je Kano ya duba.

Da wannan shawarar a raina na je wajen wata lauya da harkar kawai take yi. Ban gama bayani ba ta ce in dai ɓoyewa na zo yi in tashi in nemi wani. Na ji haushi gaskiya, kuɗina fa na biya. Amma sai ta zaunar da ni ta warware min, ta ce ƙa'idoji 13 ake dubawa, dangi da fili a waje suna ƙarƙashin ƙa'idar tasirin ƙasar waje kuma wannan ana iya kare shi, ka nuna gidanka da iyalinka da arzikinka suna nan, filin bai kai ya sa a juya ka ba. Ƙarya a fom kuwa babinta daban, halinka ake tuhuma, kuma laifi ne na tarayya da kan iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Abin da suke tsoro shi ne sirrin da wani zai riƙe ka da shi, wanda ka faɗa da bakinka kuma wa zai yi maka barazana da shi?

Layi layi muka bi. Ranar haihuwar Hajiya ma sai da na buga waya, Hajiyar ta ce shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, muka sa 1956 muka nuna kiyasi ne, ashe fom ɗin ya yarda da haka. Ranar da mai bincike ya zauna da ni filin ya fara tambaya, na miƙa masa takardu, minti kaɗan ya wuce gaba.

Inda ta gaza, tsada kam ba a magana, kuma imel sai ya kwana uku ba amsa, sakatarenta ma sai ka kira ka sake kira. Taurari huɗu na ba ta. In za ku je ku tafi da tsofaffin fasfo da adireshin 'yan uwa a rubuce, da awa take caji, ni rabin awa na ƙona ina laluben lambar gidan yayata a waya.