Ajrakh, Bagru ko Sanganer: Wanne Za Ki Kai Wa Tela?

Yadin da ake bugawa da hatimin katako a Indiya ya wuce sari da rawani. Yau da shi ake ɗinka doguwar riga, kwat mai buɗaɗɗen gaba da mayafin fita unguwa. Sai dai bugun iri-iri ne, kuma kowanne da ɗinkin da yake karɓa.

In kuɗinki na yadi ɗaya ne, ni Ajrakh zan ce ki saya. Dangin Khatri na yankin Kutch a jihar Gujarat ke yin sa. Da girgizar ƙasar 2001 ta rushe ƙauyensu na Dhamadka, da yawansu suka tashi suka kafa Ajrakhpur, suka ci gaba da sana'ar kakanninsu. Yadi ɗaya yakan bi matakai 14 zuwa 16 na wanki, bugu, rini da shanya. Shuɗinsa na baba ne, irin wanda ake tsomawa a marinar Ƙofar Mata. Jan daga saiwar wani tsiro yake fitowa, baƙin kuwa tsatsar ƙarfe ce da mazarƙwaila ake jiƙawa har su yi tsami. Mafi daraja shi ne wanda aka buga ciki da bai, zane ya hau kan zane daidai. Taurarinsa da kusurwoyinsa a jere suke, suna amsa juna, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an yayyanka shi gutsu-gutsu don matsattsen ɗinki. Ki bar shi ya sake: mayafi, ko doguwar riga marar yawan yanka.

Yadin Bagru, garin da ke kimanin kilomita 30 daga birnin Jaipur a jihar Rajasthan, shi ne na sawa yau da gobe, kuma ya fi sauƙin kuɗi. A nan dangin Chhipa, masu sana'ar buga yadi, ke yin bugun laka da ake kira dabu. Sukan kwaɓa laka da ƙaro da farar ƙasa da dusar alkama, su buga a kan yadi, su barbaɗa garin katako, in ya bushe su tsoma a baba. Inda lakar ta tsage rini ya kutsa, sai ki ga siraran jijiyoyi. Kada ki ɗauka aibi ne. Wannan yadin yana jure almakashi, ya dace da kwat ko riga da wando.

Yadin Sanganer, wani gari a gefen Jaipur, na ƙananan furanni ne a kan farar auduga marar nauyi, mai daɗi a lokacin zafi. Amma a nan jabu ya fi yawa, don ana kwaikwayon zanen da bugun raga ko na inji.

Kan yadin kansa, auduga ta fi ƙarko. Modal ya fi sheƙi da zubowa a jiki, amma ko an kira miki shi siliki, daga itace ake sarrafa zarensa, kada ki biya kuɗin siliki.

Kafin ki biya, ki shimfiɗa yadin ki bi zanen da ido. Bugun hannu yana nuna mahaɗar hatimi da hatimi, wani wuri ya ɗan goce, wani ya fi wani kama rini. In kika ga komai cif ba ko kuskure ɗaya, inji ne. A intanet, ki nemi hoton bayan yadin da na kusa-kusa. Baba kuma yakan zuba a wankin farko, don haka ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ki shanya a inuwa.