Saye ko aro: lissafin mai karatu a Kano

Littafin da ka saya naka ne. Ka ja masa layi da biro, ka lanƙwasa shafi, ƙannenka su gaje shi. Amma yawancin takarda daga waje ake shigo da ita, shi ya sa da dala ta tashi sai farashi a Sabon Gari ya bi ta, ɗalibi ya tsaya yana auna littafi da kuɗin abinci.

Ɗakin karatun gwamnati kuwa, irin na Murtala Muhammad, rajista ce sai kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, wanda ake yawan mantawa a lissafi. Littafin aro yana da ranar mayarwa, wani ma kan riga ka ɗauka. Ni dai ƙamus nake saye, labari kuwa aro.